Me ya sa keke ke kafewa a rairayin Agiye, kuma yaya ake kauce wa hakan?

A shekarar 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya tsaya a wata hanyar karkara a jihar Maraɗi don ya rage iskar tayoyin motarsa, saboda rairayi ya hana ta wucewa. A wannan tsayuwa ne ya lura cewa ƙananan tsirran da ke cikin gonaki tohon kututturan itatuwa ne da aka sare. Daga nan dabarar renon toho a gonaki ta bazu, har garuruwa irin su Ɗan Saga da ke yankin Agiye suka yi suna da ita.

Labarin itatuwan ya karaɗe duniya, amma ba kowa ke tuna dalilin tsayuwar ba. Wannan dalili, wato alaƙar taya da iska da rairayi, shi ne ke wahalar da ɗalibi mai zuwa kwaleji daga ƙauye, da mai kai kaya kasuwa, da mai ɗebo ruwa a yankunan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa dukkan garuruwan uku da kwalta, amma da zarar an sauka daga kanta sai burji da jigawa.

Tun bayan da Najeriya ta cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsadar mai ta shafi garuruwan bakin iyaka, kuma ba kowane gida ke iya ɗaukar nauyin babur kullum ba. 'Yan uwa da ke Yamai, Kano, Abijan ko Turai kan aiko da kuɗin keke. Tambayar ita ce: wane irin keke, kuma yaya za a hau shi?

Sirrin iskar taya

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Faɗin wurin da taya ke taɓa ƙasa ya dogara ne da nauyin da ke kanta da kuma ƙarfin iskar da ke cikinta. A ɗauka mahayi da kekensa sun kai kilo 80. Idan an cika tayoyin zuwa awon bar 4, duka nauyin zai sauka ne a kan fili mai kusan santimita murabba'i 20, wanda bai wuce fuskar kwalin ashana ba sosai. A kan kwalta wannan alheri ne, domin taya mai tauri ta fi gudu. A cikin rairayi kuwa tana nutsewa kamar tsinin sanda.

Taya da ta nutse kullum tana ƙoƙarin fita daga ramin da ta haƙa da kanta, tana ture yashi a gabanta. Shi ya sa mutum ke jin kamar hawan tudu yake yi alhali ƙasar a shimfiɗe take. A kwalta, ƙarfin da ke riƙe taya bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin da ke kanta ba. A sakakken rairayi yakan ninka hakan sau goma ko fiye.

Idan aka rage iskar zuwa bar 2, filin zai ninka zuwa kusan santimita murabba'i 40, taya ta fara shawagi a saman yashin. Haka tafin raƙumi yake aiki. Sai dai siririyar taya ba ta jure ƙarancin iska: da ta hau dutse sai bakin ƙarfen ƙafar ya matse tib ya huda shi wuri biyu. Don haka faɗin taya shi ne abu na farko da mai sayen keke zai duba.

Daga duwatsun Kalifoniya zuwa Damagaram

Keken hawan dutse ya samo asali ne a shekarun 1970 a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda matasa irin su Gary Fisher, Joe Breeze da Charlie Kelly ke gangarowa daga tsaunin Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu faɗin taya. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper kasuwa, kuma a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

Nijar ma tana da nata gurbi a wannan tarihi. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tashi daga Damagaram zuwa Tamanrasset ta Aljeriya a kan keke mai manyan tayoyi. Kekunan rairayi da ƙanƙara na yau suna da taya mai faɗin kusan santimita 10, kuma akan hau su da iskar da ba ta kai bar 1 ba.

Giya da gwiwa

Mutumin da ba ɗan wasa ba yakan iya ba da ƙarfin wat 75 zuwa 100 na tsawon lokaci. Aikin giya shi ne raba wannan ɗan ƙarfi yadda ya dace. Tsohon baƙin keke mai giya ɗaya, mai haƙora 44 a gaba da 18 a baya, yana tafiyar sama da mita 5 a kowane zagayen feda. Ƙaramar giyar keken dutse na zamani kuwa mita ɗaya da rabi kawai take ci. Tafiya ta ragu, amma ƙarfin da ke isa taya ya ninka fiye da sau uku.

A rairayi, juya feda da sauri a ƙaramar giya ya fi dannawa da ƙarfi a babba. Dannawa mai ƙarfi kan sa tayar baya ta yi ta juyawa wuri guda tana haƙa, kuma gwiwa ce ke biyan kuɗin. Tsayin sirdi ma na da tasiri. A zauna, a ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa: idan ƙafa ta miƙe daidai, sirdin ya yi. Yaron da aka ba keken babba, yana lanƙwasa ƙugu dama da hagu kafin ya kai feda, yana asarar ƙarfi kuma ba ya iya tsayawa cikin gaggawa.

Akwai kuma zafi. Kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kawai na kuzarin da tsoka ke ƙonawa ke zama motsi, saura zafi ne da jiki zai fitar ta gumi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, mai tuƙi da ƙarfi kan iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Sammako da gorar ruwa ba zaɓi ba ne.

Nauyi, birki da gargada

Idan za a shiga rairayi, a shiga da ɗan gudu, a matsa baya a kan sirdi don tayar gaba ta yi sauƙi, a sassauta riƙon kan keke, a kalli nesa. Murɗa kai da sauri shi ke sa tayar gaba ta soke yashi ta kayar da mutum.

Lokacin taka birki nauyi kan koma gaba. A kwalta birkin gaba ne ya fi tsayar da keke, amma a burji da yashi matse shi da ƙarfi, musamman a kwana, na sa taya ta zame. A rage gudu tun kafin kwana. Kuma a tuna: idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa kan ninka huɗu. A nan hular kwano ke da amfani.

A hanya mai gargada, babu sifirin da ya kai gwiwa da gwiwar hannu. A ɗaga jiki kaɗan daga sirdi, a bar keken ya yi ta tsalle a ƙarƙashi. Masu ɗaukar kaya kuwa su sani cewa jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Biyu a rataye ƙasa-ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, sun fi ɗaya a ɗore can sama, kuma jarkar da ba ta cika ba ta fi haɗari domin ruwan na kaɗawa yana jan keke gefe.

Kafin a aika kuɗi

Keke mai kyan gani ba lallai ya dace da ƙauye ba. Mai sifirin gaba da baya mai araha yakan yi nauyi, ya riƙa shanye ƙarfin feda, kuma idan ya lalace da wuya a sami kayan gyaransa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta bi wata hanya dabam da kekenta Buffalo: ƙarfe mai kauri, sassa kaɗan, da kariya mai ɗaukar kilo 100.

Abin dubawa shi ne taya mai faɗin aƙalla santimita 5, girman ƙafar da masu faci na kasuwar garin ke da tayarta, giya mai sauƙin gyara, da girman da ya dace da mai hawa. A haɗa da famfo da kayan faci, domin ƙayar tsidau da ta aduwa ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Sarƙa kuma a riƙa goge ta, a sa mai kaɗan, saboda mai da yawa na tara yashi ya cinye haƙora.

Famfon shi ne ƙaramin kayan da ya fi kowanne muhimmanci. Mai shi zai rage iska idan ya sauka jigawa, ya ƙara idan ya hau kwaltar Agiye zuwa Gazawa, ya isa makaranta ko kasuwa a kan keke maimakon tura shi.