Yadda Ake Zana Babban Kifin Teku da Fenti

Jama'a, mun saba ganin zanen zaki ko doki a bayan manyan motoci. To, a wasu ƙasashe na bakin teku akwai masu zane waɗanda sana'arsu ita ce zana manyan kifaye. Ɗaya daga cikinsu shi ne Guy Harvey, wanda ya tashi a ƙasar Jamaika. A wannan wata za mu ga yadda ake wannan aiki.

Kifin da suka fi zanawa sunansa malin. Bakinsa dogo ne mai tsini kamar mashi. Bayansa shuɗi ne mai duhu, cikinsa fari kamar azurfa. Da fatsa ake kama shi a cikin jirgin ruwa. A shekarar 1992 an kama wani a tekun Brazil mai nauyin kilo 636. Wato ya fi buhun taki 12 nauyi.

Fentin da ake amfani da shi ana ce masa akirilik. Da ruwa ake sirka shi, ba da kananzir ba. Yana bushewa da wuri, sau da yawa kafin rabin awa. In ya bushe, ruwa ba ya wanke shi.

Ga yadda aikin yake.

Da farko, mai zane yakan ƙare wa kifin kallo tun yana da rai, ko ya nemi hotonsa. Dalili kuwa shi ne, da kifin ya mutu sai launinsa ya dushe.

Na biyu, sai ya shafe katako ko ƙyalle mai kauri da farin fenti, ya bari ya bushe. Wannan zai hana katakon shanye launi.

Na uku, sai ya fitar da siffar kifin da fensir. A nan ake gyara kuskure. In kai ya yi wa jiki girma, fenti ba zai ɓoye shi ba.

Na huɗu, sai ya fara da ruwan teku, ba da kifin ba. Sama yakan sa shuɗi mai haske, don daga nan rana take shigowa. Ƙasa kuma shuɗi mai duhu.

Na biyar, sai jikin kifin. Yakan sa duhu a baya, fari a ciki. Inda launi biyu suka haɗu, sai ya gauraya su da buroshi tun suna ɗanye. In ya yi jinkiri, tsakaninsu zai fito kamar an ja layi. Ba a lafta fenti da yawa gaba ɗaya. A shafa kaɗan, a bari ya bushe, a ƙara. A tuna kuma, wannan fenti yakan ƙara duhu kaɗan in ya bushe.

Na shida, sai ƙananan abubuwa: ratsin jiki, da fiffike, da wutsiya. Ido shi ne na ƙarshe. Ɗigon fari guda a cikin ido shi ke sa a ga kifin kamar yana da rai.

A kula: da an gama aiki a wanke buroshi da ruwa da sabulu. In fenti ya bushe a kansa, ya zama asara. A rufe kwalbar fenti sosai, musamman lokacin hunturu.

Mu ba mu da teku, amma muna da giwan ruwa, irin wanda ake kamawa a Argungu. Da wannan hanya za a iya zana shi a allon mai sayar da kifi, a sami na cefane. Hannun da ya koyi riƙe fensir a ajin yaƙi da jahilci, zai iya riƙe buroshi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.