Taurarin Ƙagaggun Labarai: Wa Ya Cancanci A Riƙa Tunawa Da Shi?

A al'adar nazarin adabi, idan aka zo zaɓen taurarin da suka yi fice a ƙagaggun labaran Hausa, akan fara da jarumi mai kyawun hali, a bar mugu a matsayin tsanin da jarumin ya taka ya hau. Wannan ma'auni yana da rauni. Kyawun hali abin so ne ga maƙwabci, amma ba shi ke sa tauraro ya zauna a zuciyar mai karatu ba. Abin da ke zaunar da shi shi ne a ga yana da abin da yake nema ido rufe, kuma a ga abin da neman ya ci masa.

Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 sun isa misali. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne ya bar Kwantagora neman ruwan, shi ne kuma ya komo da shi. Amma duk malamin da ya koyar da littafin ya san inda aji yake farkawa, wato inda Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya ɓullo. Zurƙe ba dodo ba ne, mutum ne mai riƙo, wanda in aka cuce shi sai ya rama, in ya rama a sake cutarsa. Hasali ma, idan aka auna damfarar da kowannensu ya yi, da wuya a ce Alhaji ya fi shi tsarki. Cire Zurƙe daga littafin zai bar shi jerin garuruwa kawai.

Ganɗoki na Bello Kagara akasin haka ne. Ya yaƙi Turawa, ya shiga duniyar aljannu tare da ɗansa Garba Gagare, amma tun daga farko mai karatu ya san ba za a kayar da shi ba. Ana tuna kirarinsa da ƙarfinsa, ba a jin tsoron abin da zai same shi.

Wurin da ya fi wuyar hukunci shi ne Jiki Magayi na John Tafida da East. Malam Shaihu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainabu, saboda haka tausayin mai karatu yana wajen Abubakar. Sai ga shi wanda aka zalunta ya tafi neman asiri, ya lalata Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, har ya zama ɓarawo ya kashe mahaifinsa. To, a wane layi za a sa Abubakar, na jarumai ko na miyagu? Rashin amsa mai sauƙi ga wannan tambaya shi ne babbar hujjar cancantarsa, domin kowane sabon aji zai sake yin gardamar.

Haka kuma a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sunan malamin ne a bango, amma galibin abin da ya faru gare shi ɗaukarsa aka yi aka kai. Mai niyya da aiki ita ce mahaifiyarsa, wadda ta keta Sahara nemansa, aka sayar da ita baiwa, ba ta kuma daɗe ba bayan ta gan shi. Jerin jarumai da ya tsallake ta ya bi sunan littafi ne, bai bi labarin ba.

Wazirin Magana Jari Ce, wanda ya haɗa kai da Sarkin Sinari, yana da nasa matsayi: ba don makircinsa ba, da aku bai sami dalilin tsare Musa da labarai dare bayan dare ba.