Shirin Musamman: Manya da Fensirin Kala

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau za mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu muka baro tun a firamare, amma manya masu iyali a ƙasashe da dama suka sake runguma hannu bibbiyu, wato cika zane da launi. Za mu ji yadda abin ya samo asali, da amfaninsa, da kuma yadda mai sha'awa zai zaɓi kayan aiki ba tare da ya yi asarar kuɗinsa ba.

[Gajeren kiɗa]

A shekarar 2013 wata mai zane 'yar Sukotland, Johanna Basford, ta fitar da littafi mai suna Secret Garden. Babu labari a cikinsa, sai zanen furanni da ganyaye da rassa da baƙar tawada, masu ƙananan gurabe da yaro ba zai yi haƙurin cikawa ba. Littafin ya samu karɓuwa har aka sayar da miliyoyin kwafi a harsuna daban-daban. A Faransa ma kamfanin Hachette ya fara buga irin waɗannan littattafai tun 2012, yana tallata su a matsayin abin rage gajiyar ƙwaƙwalwa.

Kasuwar ta bunƙasa ƙwarai a 2015. A Amurka kaɗai an sayar da kusan kwafi miliyan 12 a wannan shekara, alhali a 2014 kusan miliyan 1 aka sayar. Har sai da kamfanin Faber-Castell na Jamus, wanda aka kafa tun 1761, ya ƙara lokutan aiki a masana'antarsa domin masu neman fensir sun yi yawa.

To me ya ja manya? A 2005 wasu masu bincike biyu a Amurka, Nancy Curry da Tim Kasser, sun gwada ɗalibai 84. Sun sa su tuna abin da ya taɓa tsorata su, sannan suka ba su minti 20 na shafa launi. Waɗanda aka ba zane mai tsari sun fi samun sauƙin fargaba a kan waɗanda aka miƙa wa farar takarda. Dalilin a bayyane yake: an riga an shata maka iyaka, babu tsoron "ban iya zane ba". Ido yana kan layi, hannu yana tafiya, waya tana gefe, zuciya kuma ta huta da saƙe-saƙe. Sai dai a sani, wannan hutu ne, ba magani ba. Wanda damuwa ta hana shi barci ko abinci, likita ya kamata ya gani.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu sai batun kayan aiki. Fara da takarda kafin fensir. Ɗaga shafin littafin ka duba shi a haske. Idan kana hango zanen da ke bayansa, takardar ba ta da kauri, tawada za ta ratsa ta. Littafin da aka buga zane a fuska ɗaya kawai ya fi. Wanda kuma bai son hoton abu mai rai, akwai littattafan da babu komai a cikinsu sai furanni da zayyana mai kusurwoyi, irin wadda idonmu ya saba gani a allon zayyana da aikin hula.

Fensirin kala iri biyu ne manya. Akwai mai kaki da yawa, kamar Prismacolor, bakinsa taushi, launinsa na fita raɗau, amma yana saurin karyewa da ƙarewa. Akwai kuma wanda ake cewa mai mai ne, kamar Polychromos, ya fi tauri, tsininsa na daɗewa, shi ya sa ya dace da ƙananan gurabe. A shago, roƙi a ba ka ɗaya ka gwada. Ja layi a hankali: in launi ya fito ba tare da ka danna ba, mai kyau ne. Dubi gindinsa kuma, ka tabbata zuciyar tana tsakiyar itacen, domin wadda ta karkace za ta yi ta karyewa wajen fiƙewa.

Sai kuma maka, wato alƙalamin launi: mai sinadarin sifirit tana ba da launi sumul, amma tana ratsa takarda, don haka a sa kwali a ƙarƙashin shafi. A rufe ta da zarar an gama, musamman lokacin hunturu, a kuma nisantar da fensir mai kaki daga zafin rana.

Kada yawan launi ya ruɗe ka. Akwai gwangwani mai launi 120, amma 12 ko 24 masu inganci sun ishi mai farawa. Sirrin yana hannu: ka fara da launi mai haske, ka shafa sama-sama, ka ɗora wani a kai. Shuɗi a kan rawaya zai ba ka kore, ja a kan rawaya ya ba ka ruwan lemo. Sannu ba ta hana zuwa.

Shawararmu ita ce a ware minti 20 da yamma, a zauna tare da yara, kowa da shafinsa. Babu mai ba da maki, babu mai cewa ganye dole sai kore. Wanda ya gwada, muna so ya aiko mana da yadda ya ji.

A nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]