Tseren Ƙananan Jiragen Ruwa Na Lantarki: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam ruwa da abin da yake gudana a kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya ratsa lungunan Zongo bayan la'asar zai ga yara suna jan motocin da suka ƙera da hannunsu, wata ta waya, wata ta gwangwanin madara, tayoyinta kuwa an yanko su daga tsohon silifa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin iyayenmu ma sun yi motar kara a zamaninsu. Abin da ya sabunta shi ne wayar salula ta nuna wa yaranmu wasu ƙananan jiragen ruwa masu aiki da batir, waɗanda ake tuƙawa daga bakin gaɓa suna tsaga ruwa kamar kibiya. Sai ka ga yaro ya zo yana cewa, "Baba, a saya mini." Uba kuwa ya rasa tudun dafawa: ya saya, kuɗin cefane ya taɓu, ya yi tsawa, ya kashe wa yaro sha'awar da ta yiwu ita ce mabuɗin sana'arsa. A ganinmu akwai hanya ta uku, wato a sa yaron ya ƙera da kansa, a idon babba. Domin haka muka ga ya dace mu bayyana yadda abin yake, da amfaninsa, da kuma haɗarinsa.

Asalin abin

Ƙera jirgi sana'a ce mai daraja, domin Annabi Nuhu (AS) ya yi ta bisa umarnin Ubangijinsa, kamar yadda ƙissar ta zo a cikin Suratu Hud. A tarihin Musulmi kuma, masanin nan Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar sarakunan Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa na na'urori a shekarar 1206, a ciki har da bayanin wani ƙaramin jirgi da ake sakawa a tafki, mai ɗauke da na'urar da ruwa yake motsawa. Tuƙi daga nesa kuwa ya bayyana ne a shekarar 1898, lokacin da Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York na Amurka wani ƙaramin jirgi yana juyawa a cikin ruwa ba tare da igiya ko waya ta haɗa shi da mai tuƙin ba.

Daga baya abin ya zama wasa mai dokoki. An kafa ƙungiyar IMPBA a Amurka a 1949, aka kuma kafa NAVIGA, ƙungiyar duniya ta masu ƙera ƙananan jiragen ruwa, a 1959. A gasar masu lantarki ana kafa alamomi a kan ruwa, jirage su yi ta kewaya su na 'yan mintuna ƙayyadaddu, wanda ya fi yawan zagaye shi ne zakara. Jirgin da aka haɗa da kyau yakan yi kilomita 60 zuwa 80 a awa ɗaya, gwanayen Turai kuwa sun haura kilomita 300 a miƙaƙƙen layi.

Yadda jirgin yake

Gangar jirgin iri uku ce mafi shahara. Akwai mai ciki ɗaya, wanda ƙasansa ya yi tsini kamar harafin V. Shi ya fi jure igiyar ruwa, shi kuma ya fi dacewa da mai koyo. Akwai mai ciki biyu, wanda iska take ratsa tsakaninsa tana ɗaga shi. Sai kuma mai ƙafafu a gaba, wanda in ya ɗauki gudu wurare uku kawai na jikinsa suke taɓa ruwa. Ya fi kowa sauri, ya kuma fi kowa saurin kifewa. Dalilin waɗannan siffofi ɗaya ne: ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka duk jirgin da yake son gudu dole ya hau bisa fuskar ruwa yana sulɓi, ya daina kutsawa cikinsa kamar kwale-kwalen masunta. Ana yin gangar da siririn katako mai ninki irin na kafintoci, a liƙe da gam mai ƙarfi a shafe da fenti, ko kuma da zaren gilashi.

A cikin gangar akwai abubuwa biyar. Na farko inji. Tsofaffin injuna suna da gawayi biyu masu gogar sandar da ke juyawa, irin wanda masu gyaran janareta suka sani. Na yanzu ba su da gawayi, shi ya sa suka fi ƙarfi da ƙarko. A jikin kowane inji ana rubuta wata lamba da haruffan KV, ma'anarta yawan juyin da zai yi a minti ɗaya a kan kowane bolt. Inji mai lamba 2000 da aka ba shi bolt 11.1 zai juya sau 22,200 a minti idan ba ya jan komai. Na biyu batir. Na uku na'urar da take tsakanin batir da inji tana ƙayyade gudu. Na huɗu na'urar da take karɓar saƙo daga rimot ɗin da ke hannun mai tuƙi. Na zamani suna aiki a kan gigahaz 2.4, jirage da yawa su yi tsere tare saƙon wani bai shiga na wani ba. Na biyar ƙaramin injin da yake juya wutsiyar jirgin dama da hagu. Daga babban injin kuma wata murɗaɗɗiyar igiyar ƙarfe take fita ta cikin bututu zuwa farfela, wadda faɗinta bai cika wuce milimita 40 ba a matsakaicin jirgi, rabinta a ruwa rabinta a waje.

Daidaitawa, inda gwaninta take

Mai koyo yakan zaci sirrin gudu yana ga babban inji da babbar farfela. Gwanaye sun san yana ga daidaito. Idan aka ɗora jirgi mai ciki ɗaya a kan sanda, ya kamata ya tsaya daidai a wajen kashi 30 cikin ɗari na tsawonsa, in an auno daga baya. Batir shi ne mafi nauyi a ciki, da shi ake gyara wannan ma'auni. Jirgin da yake tsalle yana sara ruwa da hanci kamar ƙadangare yana gyaɗa kai, nauyinsa ya yi baya, sai a matsar da batir gaba kaɗan. Wanda yake noman ruwa da ƙirji ya ƙi tashi, nauyinsa ya yi gaba. Wanda yake karkata gefe guda kuwa, juyin farfela ne yake murɗa shi, sai a kai batir ɗaya gefen, ko a ɗan lanƙwasa ɗaya daga cikin fallayen ƙarfe biyu da ake ɗaurawa a bayansa.

Farfela babba tana jan wuta mai yawa, wuta mai yawa tana haifar da zafi, zafi kuwa shi ne ajalin inji. Saboda haka ake huda ƙaramar kafa a wutsiyar jirgin, gudu ya tura ruwa ta cikin siririyar tiyo, ya kewaya inji da na'urar gudu, ya fita ta gefe. A nan Wagadugu, inda zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, ruwan da kansa da ɗumi yake, don haka farfelar da ta yi daidai a lokacin hunturu tana iya ƙona inji a bazara. Ƙa'idar ita ce a yi gudun minti ɗaya, a dawo da jirgi, a taɓa inji. In yatsa bai iya jurewa ba, a koma ƙaramar farfela. Mai goge farfelar ƙarfe kuma ya yi aikin a cikin ruwa, domin ƙurar wasu daga cikinsu guba ce ga huhu.

Babbar doka a nan ita ce a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, a rubuta sakamakon a littafi. Wanda ya taɓa batir da farfela da wutsiya a lokaci guda, ko jirgin ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba. Mu da muka zauna gaban malamai mun san wannan tarbiyya, domin ba a ƙara wa almajiri sabon karatu sai ya wanke allon da ke hannunsa. Yaron da ya saba da awo da rubutu da haƙuri ta wannan hanya, lissafin kaso da darasin lantarki na lakwal sun zama abin da yake taɓawa da hannu. A garin da babura suka cika tituna, allunan hasken rana kuma suke ƙaruwa a kan rufin gidaje da masallatai, wanda ya iya liƙa waya da dalma ya kuma fahimci bolt da amfiya ya riƙi sana'a. Sana'a kuwa sa'a, in ji Hausawa.

Ruwan Wagadugu

Burkina ba ta da teku, amma Wagadugu tana da madatsun ruwa uku a arewacin gari, wajen Tanghin, ga kuma ta Lumbila a hanyar Kaya. A nan ne dole mu yi magana da babbar murya. Mafi girman haɗarin wannan wasa shi ne jirgi ya mutu a tsakiyar ruwa, yaro ya tuɓe riga ya bi shi. Masu wannan wasa a ko'ina sun haɗu a kan doka ɗaya: ba a iyo domin ɗauko jirgi, komai tsadarsa. Ana jefa ƙwallo da aka ɗaura wa zaren fatsa ya haye jirgin a jawo shi, ko a jira iska ta koro shi gaɓa, ko a roƙi masunci mai kwale-kwale. Ƙasan madatsa laka ce mai riƙe ƙafa, zurfinta yana canzawa da damina, akwai kadoji a dajin Bangr-Weoogo da ke maƙwabtaka da madatsa ta uku, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu. Waɗanda suka ga ambaliyar ranar 1 ga Satumba 2009, da aka yi ruwan sama fiye da milimita 260 a yini guda, ba sa bukatar a gaya musu ƙarfin ruwa.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Waɗannan madatsu ruwan jama'a ne. Masunta suna da komarsu a ciki, masu lambu suna ban ruwa a bakinsu. Kada a saka jirgi sai da izinin masu kula da wurin, kada a kusanci koma, ko mai wanki, ko dabba, domin farfela tana yanka kamar aska. A guji wurin da ciyawar ruwa da leda suka taru, su ne suke naɗe farfela. A cusa farin soson kwalin firji a cikin gangar domin ko ta kife kada ta nutse da batir a ruwan da wasu za su sha, a kuma liƙe murfin da salatif kafin kowane gudu.

Batir a cikin gida

Batirin da ake kira LiPo shi ya ba waɗannan jirage gudunsu, shi ne kuma abin da uwar gida za ta fi sa wa ido. Kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, in ya cika yakan kai 4.2, kuma ba a barinsa ya sauka ƙasa da 3. Idan aka cika shi fiye da kima, ko aka huda shi, ko aka bar shi a rana, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A yi cajinsa da cajar da aka yi dominsa, a kan siminti ko yashi, nesa da katifa da labule, da rana, babba yana wurin. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada a sake jona shi. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a wajen bolt 3.8, a inuwa.

Ta ina za a fara

Da rarrafe yaro kan tashi. Jirgin farko ba ya bukatar a aika Turai ko Sin. Motar wasa mai rimot da ta karye tana da inji da na'urar karɓar saƙo. Tsohuwar rediyo mai kaset tana da inji. Kafintan unguwa yana da guntayen katako. Mai gyaran rediyo zai koya wa yaro liƙi. A gwada a babban baho a tsakar gida, a ga ko yana yoyo, a ga ko ya tsaya daidai. Wannan mataki ya dace da 'ya'ya mata kamar yadda ya dace da maza. Sai yaro ya ƙera biyu ko uku, ya nuna littafin gwajinsa, sannan a yi maganar inji marar gawayi, kuma ya fi kyau gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, a guje wa almubazzaranci.

Sharuɗɗanmu uku ne. Tsere ba da caca ba, ko ta dala ɗaya ce. Jirgi ya fito daga ruwa da zarar an kira salla. Kuma karatun allo da na lakwal su riga shi. Uban da ya tsaya a kan waɗannan, ya zauna da ɗansa suna auna katako, ya ba shi abin da ya fi jirgin kanti, wato hannu mai aiki da kai mai lissafi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sanya albarka a hannayensu, Ya tsare su daga sharrin ruwa da wuta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.