Jelifish: Dabba Ɗaya, Kamanni Biyu

Duk da sunan da Turawa suka laƙaba mata, jelifish ba kifi ba ce. Ba ta da ƙaya, ba ta da jini, ba ta da ƙwaƙwalwa, kuma kimanin kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Siffarta kamar laima ce mai santsi, zaruruwa masu harbi suna reto ƙarƙashinta. Sai dai wannan laima da ake gani tana yawo a teku mataki ɗaya ce kurum na rayuwar dabbar.

A ɗauki misalin nau'in da masana ke kira Aurelia aurita. Namiji yakan saki maniyyinsa cikin ruwa, mace ta janyo shi ya haɗu da ƙwayayenta, ta goye su a hannayen da ke kewaye da bakinta har su zama 'yan tsutsotsi da ake kira filanula. Tsutsar takan yi iyo na ɗan lokaci, sa'an nan ta manne wa dutse ta rikiɗa ta zama folif, wani ɗan abu mai tsawon milimita kaɗan, wanda mai kallo zai rantse tsiro ne.

Folif ba ya bukatar namiji ko mace. Toho yake yi, ya fitar da irinsa, su mamaye wurin, kuma yakan shekara da shekaru a haka. Idan ruwa ya yi sanyi, sai jikinsa ya tsattsage a gicciye, ya koma tamkar jeren kwanoni a ɗakin amarya. Kwanon sama shi ke fara ɓallewa, na ƙasa su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ƙaramar jelifish ce mai hannaye takwas, ana kiranta efira, kuma cikin 'yan watanni takan girma ta zama laimar da aka fara da ita.

Bambancin kamannin nan ya daɗe yana ruɗa masana. Michael Sars, wani limamin coci ɗan ƙasar Norwe, da farko ya raɗa wa folif suna a matsayin wata dabba dabam, kafin ya tabbatar a shekarar 1841 cewa uwa ɗaya ce da 'ya'yanta.

Sanin wannan ba don cin jarrabawa kaɗai ba ne. A shekarar 2013, tarin Aurelia ya toshe bututun ruwan sanyaya injuna a tashar lantarki ta nukiliya da ke Oskarshamn a ƙasar Suwidin, har aka kashe injin ɗaya. A Japan kuwa, a 2005, wani nau'i mai kaiwa kilo 200 ya cika tarun masunta ya lalata musu kamu. Kwashe manyan daga ruwa ba ya magance matsalar, domin asalin taron yana can ƙasa a manne. Ginshiƙan tashoshin jiragen ruwa da sauran gine-ginen da ɗan'adam ke kafawa cikin teku kuwa sabon mazauni ne ga folif.