Abin da teɓa ke yi wa jini da ƙwaƙwalwa

A garuruwanmu, daga Maraɗi har Damagaram, in magidanci ya aje tumbi sai a ce arziki ya zauna. Amarya in ta yi ƙiba, mijinta ake yaba wa. Har akwai mata masu sayen ƙwayoyi a kasuwa don su cika ido. To, wannan ra'ayi yana bukatar gyara. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai cutarwa. Misalinta shi ne mai tsayin mita 1 da santimita 70 wanda nauyinsa ya kai kilo 87.

A da ana ɗaukar kitse tamkar rumbu, wurin ajiya kawai. A shekarar 1994 ne Jeffrey Friedman da abokan aikinsa na Jami'ar Rockefeller, a Amurka, suka gano cewa kitse yana zuba wani sinadari cikin jini, wanda aka sa wa suna leftin. Shi ne ɗan aiken da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ajiya ta wadata, a rage ci. A 1999 kuma masana a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa in lokacin abinci ya gabato, shi ne mai tada yunwa.

Nan da nan aka sa rai magani ya samu, tun da a Kambirij ta Ingila an yi wa yaran da aka haifa ba su da leftin allurarsa, cinsu ya ragu, suka rame. Amma irin waɗannan yara ƙalilan ne. Yawancin masu teɓa leftin ya yi musu yawa, sai dai ƙwaƙwalwa ta daina saurarensa, kamar mai gida da ya saba da kukan injin niƙa. In kuma mutum ya rage nauyi, leftin ya sauka, girelin ya hau. Wani bincike na Ostiraliya a 2011 ya nuna wannan hali yana nan har bayan shekara guda. Saboda haka wanda ya rame ya sake ƙiba, kada a yi gaggawar ce masa mai haɗama: jikinsa ne ke ja da shi.

Ɓarna ta biyu a cikin jini take. Kowa ya san yadda ƙarfe ke tsatsa in ya sha iska da damshi. Jikinmu ma, garin ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, yana haifar da wasu sinadarai masu cin abin da suka taɓa, kuma Allah ya yi masa kariya daga gare su. In kitsen ciki ya yi yawa, sai su fi ƙarfin kariyar. A lokaci guda wannan kitse yana malala zuwa hanta, ita kuma ta cika jini da maiƙon da ake kira tirigiliserid, kolestarol mai share jijiyoyi ya ragu. Kolestarol mai lahani, in ya yi tsatsa a bangon jijiya, sai ya taru yana toshe hanya sannu sannu. Daga nan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa, ga ciwon sukari da hawan jini na biye. Duk wannan yana tafiya shekaru ba tare da zafi ko zazzaɓi ba.

Amma ba a rasa mafita ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya sauko da maiƙon jini da sukari: mai kilo 90, kilo 5 ma ci gaba ne. A rage soye-soye, da lemun kwalba, da sukarin shayi. A riƙe wake, da zogale, da gero mai dusarsa. A yi tafiyar ƙasa ta minti 30 kullum, a kuma sami isasshen barci, domin ƙarancinsa yana ƙara yunwa. Ƙwayoyin ƙiba kuwa a yi nesa da su. Wanda cikinsa ya fara turo riga, ya je gidan likita a auna masa jini tun yana jin ƙarfinsa. Tun ran gini ran zane, yara ma a kula da abin da ake saba musu da shi. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.