Matasa da Amanar Bayanan Kuɗi a Buɗaɗɗen Tsarin Banki

Buɗaɗɗen tsarin banki, wato tsarin da ke bai wa mai asusu ikon umartar bankinsa ya miƙa bayanan ajiyarsa da na shige da ficen kuɗinsa ga wani kamfanin hada-hadar kuɗi mai lasisi, ya fara aiki a Birtaniya a watan Janairun 2018, bayan hukumar kula da gogayyar kasuwanci ta wajabta shi a kan manyan bankuna tara. A Najeriya kuwa, Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin aiwatar da shi a watan Maris na 2023, shekarar da aka rattaba hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a.

Matasa ne wannan sauyi ya fi shafa, domin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa da yawansu suka koma ga manhajoji irin su OPay da Moniepoint. Amfanin tsarin a fili yake, tunda saurayin da ke sayar da kayan waya a kasuwa, wanda ba shi da gida ko fili da zai bayar jingina, zai iya gabatar da tarihin cinikin da ke shiga asusunsa a matsayin shaidar cancantarsa da rance.

Sai dai sabo da waya ba shi ne yarda ba. Matasa sun ga yadda wasu manhajojin bashi suka kwashe lambobin da ke cikin wayoyin masu rance, suka riƙa aika saƙon tozarci ga iyaye da surukai da abokan aiki, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshinsu a Legas a 2022. Ga kuma 'yan damfara masu kiran waya da sunan banki suna neman lambar BVN ko lambar sirri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka amincewar matashi ba za ta samu ba face ya san wanda zai karɓi bayanansa, da abin da za a yi da su, da ranar da izinin zai ƙare, da hanyar janye shi idan ya ga dama. Wajibi ne bankuna su rubuta waɗannan sharuɗɗa a taƙaice, cikin Hausa da sauran harsunan da abokan hulɗarsu ke ji, domin izinin da aka latsa ba tare da fahimta ba yana barin mai asusu da asara, bankin kuma da zubewar mutunci.